Gogen Turawa da ke Wayar Kaka

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Kakan maigidana ya rasu wata Laraba da hantsi, damina ta yi nisa, gero ya fitar da kai. Kafin azahar an kai shi makwancinsa.

Masu zuwa gaisuwa kowa da abin da ya riƙe nasa. Liman ya ce ya manta rabon da ya juya bayan sallama bai gan shi a sahun gaba ba. Fulanin da ke mashekari bayan gonarmu sun kawo nono, babbansu ya ce tsohon nan bai taɓa kai su ƙara kan ɓarna ba, sai dai ya zage su tas, ya ba su ruwa su sha. Baƙin da ke haƙar zinariya ma sun zo, suka tsuguna nesa da tabarma saboda ƙurar jikinsu. Wata tsohuwa ta taso tun daga Gummi a bayan babur, ƙafafunta duk laka. Ta shiga ɗakin Inna, uwar mijina, ta yi gaisuwa, sannan ta rage murya ta ce, "Ku yara ba ku san wa kunka rasa ba. Wanga mutum, zamaninai, in ya ja goge, mace na barin tuwo bisa wuta ta hito."

Inna ta ce, "Gwaggo, a yi mishi addu'a dai."

"Addu'a ina yi. Amma gaskiya ta."

Sai kowa ta duƙar da kai kamar an ambaci abin kunya.

Ina can ƙuryar ɗaki da yaro a cinya, ina neman yadda zan raba haƙoransa da bakin ludayi. Abin da na sani game da Kaka ba a faɗinsa a zaman makoki, kuma in ban faɗa ba babu mai faɗa. Shi ya sa na zauna na sa shi a rubuce, iya yadda na iya.

Yaron ɗan farina ne, don haka ba zan kira sunansa ba. Sa'anninsa sun fara bin awaki, shi ba ya magana, tafiyarsa sai da dafa bango. Gubar dalma ce ta taɓa shi tun yana rarrafe. In an kawo abinci sai ya datse baki, jikinsa ya sandare. Tun da muka dawo daga asibiti, a cinyar mutum ɗaya yake cin abin kirki, kuma wannan mutumin ne aka rufe ranar Laraba.

Lokacin da aka kawo ni gidan, maigidana yana aikin ramin zinariya wajen Abare. Buhunan dutse a tsakar gida ake jibge su, a farfasa da guduma, mata su daka, a shanya garin nan inda yara ke wasa. Kaka kaɗai ya yi faɗa. Ba don ya san da guba ba, a lokacin babu wanda ya sani. Kunnensa ne ya ƙi.

"Turmi in ana dakan gero waƙa shika yi," in ji shi. "Wanga kuka shika yi. Ku hidda min shi daga gida."

Maigidana ya yi dariya ya ce, "Tsoho, kukan ga shi yas sai maka waya."

"To ka koma ka sawo min wani kunne."

Haka yake da komai. In na ɗora tukunya, daga ɗakinsa zai ce ruwan ya yi kaɗan. In babur ya doso tunga, ɗan ƙauyen namu, kafin a gan shi zai faɗi ko na gida ne ko baƙo. Da zamani ya lalace da 'yan bindiga, wannan kunnen ya sha tashin mu gudu tun kafin kare ya yi haushi.

Amarya yake ce mini, har na yaye yaro bai daina ba. Da yake kakan miji ne, babu kunya tsakaninmu sai tsokana. Ba waliyyi ba ne. Goro yake ɓoyewa a cikin hula, in ka roƙa ya rantse ya ƙare alhali kana ganin tudunsa. Bakinsa kuma da kaifi. Ya taɓa ce wa miyata ta yi kama da wa'azin da ba a shirya ba. Na yi kuka ranar, da la'asar ya aiko mini da ɓarin goro, wanda ya riga ya gatsa.

Ban taɓa ganinsa da goge ba. Inna ce ta ba ni labari. Da aka hana kiɗa a ƙasar nan, ɗansa, wato Baba, surukina, ya ce a ƙone gogen. Baba mutumin malamai ne, ya girma ana ce masa ɗan mai goge, abin yana cinsa. Kaka ya ce, "Ba ka ƙone abin da yac ciyar da kai." Shi da hannunsa ya yanke tsirkiyar, ya ɓare fatar, ya ajiye ƙwaryar kaji na shan ruwa a ciki. Damina guda uba da ɗa ba su ci a akushi ɗaya ba. Daga baya suka shirya, Kaka ya kama masallaci. Amma in yana zaune a inuwa, yatsunsa na hagu ba sa daina tafiya a jikin sandarsa, suna hawa suna sauka, shi bai ma sani ba.

Shekarar da yara suka riƙa shiɗewa a tungarmu, ana rufe su ɗaya bayan ɗaya, aka zo da mota aka kwashe mu zuwa asibiti a Anka. Maigida yana rami, Inna ga gida, sai Kaka ya ɗauki buzunsa ya ce shi zai bi abokinsa. Aboki yake ce wa yaron. A barandar bayan ɗakin jinya yake wuni.

Akwai wata Baturiya cikin masu ba da magani. In ta sami sarari takan zauna a benci can gefe, ta cire takalmi, ta kunna wani abu a waya ƙasa-ƙasa, ta rufe ido. Wata rana na fito shanya zane sai na ga Kaka tsaye a kanta, ya karkata kai, bakinsa a buɗe. Ya yafito mai fassara.

"Tambaye ta, mutum nawa ka jan gogen ga?"

Baturiya ta yi dariya, ta buɗe hannuwa ta rufe, ta sake buɗewa. Mai fassara ya ce masu yawa ne, cike da ɗaki, manyan goge da ƙanana.

"Kuma ba wanda yar riga wani?"

Aka ce babu.

Kaka ya girgiza kai. "Mu ko mu biyu munka zauna sai mun yi hwaɗa."

Ita ta tura masa a wayarsa. Ta faɗi sunan waƙar, har ta maimaita, amma harshenmu bai riƙe ba, shi ma mai fassara bai iya mayarwa ba. Ba mu damu ba. Wa zai ce wata rana za a nemi suna?

Zan faɗi yadda take, iya abin da kunnena ya ɗauka. Tana farawa can ƙasa, har ka ɗauka ba a kunna ba. Manyan gogen ne ke fara tafiya, a hankali, irin tafiyar shanu in sun ƙoshi sun nufo gida. Sai ƙananan su hau kansu. Babu ganga, babu tafi, babu inda za ka sa ƙafa ka taka. Ana daɗewa a haka. Sai ka fid da rai da jin mutum, sannan wata mata ta shigo da murya, da wani yare, tana jan kalma ɗaya har numfashinka ya ƙare nata bai ƙare ba.

Kaka ya ce sun sassauta tsirkiya ne. "Kamar goge da sanyin sahe, tun ba a nuna ma hwata wuta ba. Ga ƙasa shika zama." Akwai wani wuri da kullum in an zo sai ya ɗaga yatsa. "Amarya, ji nan. Kunne na jiran ta hau. Ta ƙiya. Ta sauko kaɗan. To nan ciwon yake."

Na ce, "Kukan mutuwa take yi?"

"A'a. Mai kuka sauri shika yi. Wagga ta gama kukanta tun jiya, ta tashi tana shara."

A asibitin nan aka gane abin da waƙar take yi wa yaron. Ya ƙi magani, ya ƙi kunu, an fara maganar sa masa roba ta hanci. Kaka ya ce a miƙo masa abokinsa. Ya kwantar da shi a cinya, ya ajiye waya kan buzu, ya ɗora tafin hannu a bayansa yana bugawa. Bugu ɗaya, sai ka haɗiye yawu, sannan na biyu. Numfashin yaron yana gudu kamar na ɗan tsako, hannun Kaka bai bi shi ba. Na matso da ludayi, ya harare ni.

"Ina za ki? Hannunki na rawa kamar mai kalangu. Kada ki kai mishi sai matar ta shigo."

Na jira. Kafin matar ta shigo, kafaɗun yaron sun sauka, haƙoran sun saki. Kaka ya ce in riƙa kai ludayi duk sanda ta tsaya jan numfashi. Ranar ya sha rabin kofi.

Haka muka zauna bayan mun dawo gida, safe da rana da maraice, a ɗakin Kaka, an saki labule, murya ƙasa. Ni ludayi, shi hannu. In caji ya yi ƙasa, da sandarsa zai taka har wurin mai shago da ke da farantin rana, ya zauna ya tsare wayar kamar mai tsaron jariri. Ba ya yarda kowa ya kira da ita. Baba ya sani, ba zai ce bai sani ba. In ya zo wucewa ta ƙofar yakan yi gyaran murya ya ƙara sauri.

Na taɓa roƙon Kaka ya koya mini da baki, saboda ranar da waya za ta mutu. Ya ƙi.

"Na tuba da hannu, na tuba da baki. Kunne na ban iya ruhewa. Ki bar ni haka nan."

Abin da ya yi ajalinsa ruwa ne. Wata rana da la'asar ya ce baburan da yake ji ba na gida ba ne, kuma suna da yawa. Muka watse cikin dawa. Aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya muna kwance tsakanin kunyoyin gona. Mutanen suka wuce ta gefe, ba su shigo ba. Mun dawo kowa lafiya, sai Kaka da ya tuɓe rigarsa ya rufe yaro da waya a ciki. Tari ya kama ƙirjinsa. Ko da ya kasa zama, yakan ce a kwantar da abokinsa a gefensa, hannun yana bugawa ba ƙarfi. Ranar Talata ma ya yi.

Da aka dawo daga maƙabarta, Baba ya tattara kayan mamaci ya kulle, kamar yadda ake yi, har da wayar. Yaron ya datse baki tun daga ranar. Ruwa kaɗan, kunu sai na matse masa hanci, ya sha ya dawo da shi.

Ni ba na magana da Baba. Tun da aka kawo ni ban taɓa kallon fuskarsa ba. In ya shigo ina tsakar gida, durƙusawa nake yi in juya kai. Maigida ya koma rami washegarin sadakar uku, can kuma waya ba ta shiga. Sai na sami Inna a madafa na ce ta roƙar mini Baba, waƙar da ke cikin wayar Kaka, ita ce yaro ke ci da ita.

Inna ta ce, "Ke ɗiyar nan, waƙa? Cikin makoki? Da wane baki?"

Na ce, "Inna, dubi wuyanai."

Ta duba. Ta ce za ta san yadda ta yi.

Ban ga laifin Inna ba. Ta je gaban mijinta, mutumin da ya rufe ubansa bai yi mako ba, malamai zaune a zaure, kalmar waƙa ta ƙi fita. Abin da ta ce masa shi ne yarinyar nan tana son wayar tsoho, ko don tunawa.

Bayan sadakar bakwai aka ce Baba na kirana. Na durƙusa bayan zana, shi yana ciki.

"Ɗiyata, an ce kina son wayar tsoho. Na roƙi 'yan'uwana, kowa ya yahe rabonai. Kin yi mishi hidima, Allah shi biya ki. Na kai Nasarawa an wanke ta, an ɗebe tarkacen da ac ciki, kada wani ya kunna alhaki ya bi shi kabari. Na sa an zuba miki karatu. Ki riƙa sa ma yaro."

Kyauta ya yi mini, kuma ubansa yake jiye wa tsoro. Inna ta miƙo mini wayar a nannaɗe cikin sabon ƙyalle, ta kasa duban idona.

Na ce, "Na gode, Baba. Allah ya ƙara girma."

Na kunna wa yaron karatu. Na san babu abin da ya kai shi. Yakan yi shiru ya saurara, amma bakin bai buɗe ba. Na gwada yin waƙar da hancina. Tana kaina, ina jin ta sarai, amma da na fara sai ta tsere mini, ta hau sama, ta yi gudu, ta koma wata waƙar reno. Yaron ya kau da kai.

Ranar kasuwar Nasarawa Burkullu, Inna ta ce wa Baba za mu kai yaro awo. Bayan awon, inda aka ce ya ragu, ta ja ni rumfar mai caji, wanda ke zuba wa mutane waƙoƙi a waya. Wani mai ƙiba ne, da wayoyi jere a gabansa kamar kifi a faranti.

Ya juya wayar ya ce, "Ai ni naw wanke ta da hannuna. Hajiya, abin da anka wanke ba shi dawowa."

Inna ta ce, "Ba ka aje ko guda ba?"

"In aje mi? Guda ɗai ta ciki. Na kunna, na ji shiru, na ji wani guuu, nac ce wayar tsoho ta lalace." Ya dube ni. "Mi as sunan mawaƙin? In akwai suna, ko ta Sin ta, ina samo miki."

Na ce ban san suna ba.

"Wane yare?"

"Ban sani ba. Na Turawa."

"Turawa ai kala-kala na. To ƙaƙa take?"

Mutane sun fara taruwa. Na ja mayafi na ce a hankali take tafiya, kamar shanu sun ƙoshi. A ƙasa take zama. Goge ne da yawa, babu ganga. Matar ba ta shigowa da wuri. Akwai inda za ta hau sai ta ƙi.

Wani mai sayar da takalma a gefe ya ce, "Wagga ba waƙa ta ba, ciwon ciki na." Aka yi dariya.

Mai caji bai yi dariya ba, ya ga yaron da ke bayana. Ya ce, "Ta daɗi ta ko ta baƙin ciki?"

Na ce, "Ta wadda ta gama kuka."

Ya daɗe yana danne-danne. Ya sa mini ta Indiya mai sarewa, ya sa ta Larabawa, ya sa wata ta coci da mutane da yawa ke amsawa, ya sa wata mai goge ɗaya da ke gudu kamar an biyo shi. Kowacce in ta fara nakan ji bayana, ko jikin yaron zai saki. Bai saki ba. Daga ƙarshe ya miƙo mini wayar da hannu biyu ya ce, "Ƙanwata, irin wagga sun fi yashi yawa. Ba suna, ba hanya. Allah shi ba shi lahiya."

La'asar ta yi, masu babur suka ce ba mai shiga hanyarmu yanzu. Muka bi ayarin matan tungarmu a ƙafa. Kowa tana sauri, don akwai wani kwazazzabo da ba a son rana ta faɗi ba a wuce shi ba. Ni tun safe ban ci komai ba, ga goyo, ga laka tana riƙe takalmi. Ƙafafuna suka yi nauyi. Na daina tunanin komai. Ina jan ƙafa ɗaya, in huta, in ja ɗayar. Ban san sanda na fara ba, sai na ji abu yana fita daga ƙirjina, can ƙasa, don ba ni da ƙarfin ɗaga shi. Ya tafi daidai da ƙafata. Ya zo wurin hawa, numfashina bai kai ba, ya sauko kaɗan.

Kan yaron ya kwanta a bayana. Hannuwansa da ke shaƙe da wuyan rigata suka saki. Gabana ya faɗi, na kai hannu baya na taɓa cikinsa. Yana numfashi.

Matan sun yi nisa. Wata ta juyo ta ɗaga murya, "Ke! Ɗaga ƙahwa! Nan wurin tsayi na?"

In na ɗaga ƙafa, waƙar ta tafi. Na sani. Ban amsa ba, don in na buɗe baki ma ta tafi. Inna ta dawo da gudu-gudu za ta ja hannuna, sai ta ji. Ta tsaya. Ta dubi daji dama da hagu, ta dubi rana. Sannan ta kwance goran furar da ta sayo, ta zagaya bayana, tana tafiya yadda nake tafiya. Duk sanda na tsaya jan numfashi sai in ji ta kai wa yaron. Ina jin haɗiyarsa a ƙashin bayana. A haka muka shiga kwazazzabon mu biyu, a haka muka fita, babu wadda ta waiwaya. Ana kiran magariba muka iso, goran ya kusa rabi.

Washegari na gwada a ɗaki, waƙar ba ta zo ba. Washegarinsa ta zo kaɗan ta gudu. Yanzu na gane sai na gaji liƙis take yarda da ni, don haka nakan yi daka da ɗiban ruwa da wanki tukuna, in jikina ya mutu sannan in ɗauki yaron. Wata rana ya ci, wata rana ya ƙi. Wuyansa har yanzu siriri ne. Kuma ina tsoro, don kullum wani yanki nata yana ɓace mini, ba ni da wanda zan tambaya.

Allah ka jiƙan Kaka, ka yalwata masa kabari, ka sanyaya masa ƙirjin nan da ya sha tari. Ya tuba da hannu, ya tuba da baki, ni shaida ce, ko da na roƙe shi bai karya ba. Wayarsa an wanke ta, babu abin da zai bi shi. In akwai alhaki a waƙar nan, yanzu a bakina take. A rubuta mini.